Jagorar Gyaran Ƙafar Tsohuwar Land Rover ta Soja: Daga Cire Hannu Zuwa Ɗaure Bushin

A ƙasar Kankiya da Kusada, tsohuwar Land Rover da ta fito daga gwanjon soja ko na wata ma'aikata ba motar ado ba ce. Ita ke fito da gero da dawa da wake daga ƙauyuka irin namu na Fakuwa zuwa bakin kwalta, ita ke kai mara lafiya asibiti a tsakiyar damina lokacin da ƙananan motoci suka sallama. Injinta yakan jure, jikinta na alminiyam ba ya tsatsa, amma ƙafarta kullum cikin wahala take: rami, yashi, jar ƙasa, da lodin da ya wuce kima.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kuskure iri ɗaya nake gani a hannun matasan kanikawa. A sa wa mota sabon bushin yau, kafin a gama girbi ya yage. Mai mota ya zargi mai sayar da kaya, mai kaya ya zargi hanya, alhali a wajen ɗaurawa aka kashe bushin ɗin. Wani ya cinna wa idon da bushin ke zaune a ciki wuta don ya huta da wahala, wani ya yi ta dukan noti da guduma har zarensa ya mutu, wani ya shiga ƙarƙashin mota tana bisa bulo. Ƙanena, idan ka fahimci yadda bushin yake aiki, sauran matakan za su zauna maka da kansu. Bushin ba ya juyawa a kan bol. Robar da ke tsakanin ƙarfensa na ciki da na waje ce ke murɗewa ta dawo, kamar guringuntsi tsakanin ƙasusuwa biyu. Duk abin da zan faɗa a gaba, kare wannan robar ne da ramin da take zaune a ciki.

Ka fara sanin motar da ke gabanka

Kamfanin Rover na Ingila ya fitar da Land Rover ta farko a 1948. Series II ta zo a 1958, Series III kuma daga 1971 zuwa 1985. Dukansu sifirin mai falle-falle gare su, kuma sun zo da gajeren shasi mai inci 88 da dogo mai inci 109. Da yawa daga cikin waɗanda ke Najeriya a masana'antar Leyland ta Ibadan aka harhaɗa su, a zamanin da Steyr ke harhaɗa manyan motoci a Bauchi, Peugeot kuma a Kaduna. A irin waɗannan Land Rover na Series babu hannu: sifirin ne ke ɗaukar nauyi, shi ne kuma ke riƙe aksul a wurinsa. Kowane sifirin yana da bushin uku, biyu a idanunsa, ɗaya a cikin shasi inda shakul ke lilo. Jimilla goma sha biyu.

A 1983 aka fito da 110, aka bi ta da 90 a 1984, waɗanda aka raɗa wa suna Defender a 1990. Su sifirin mai naɗi gare su, wanda ba ya iya riƙe aksul shi kaɗai, don haka aka ba su hannuwa. A gaba akwai dogayen hannuwa biyu, kowane da bushin biyu a wajen aksul da roba biyu a wajen shasi, sai sandar Panhard da ta gitta, mai hana aksul zamewa hagu ko dama. A baya akwai hannuwa biyu na ƙasa, da ƙarfe mai siffar A a sama wanda ya haɗu da aksul ta hanyar boljoyin.

Ƙirar soja takan bambanta da ta farar hula. Dogon shasi na soja yakan zo da shakul mai tsawo, wasu kuma da tankin mai biyu a ƙarƙashin kujerun gaba. Ka kwafi lambar shasi kafin ka tafi kasuwa. Ka kuma nemi ganin takardun gwanjo da na rajista, ka shawarci mai motar ya sauya fenti idan har yanzu koren soja ne, domin tun 1977 doka ta hana farar hula amfani da wannan launi a mota. A halin tsaron da jiharmu ta Katsina ke ciki, wannan magana ce ta tsira da rai.

Kayan aiki

Jak mai mai wanda zai ɗaga tan uku ko fiye.
Ƙafafun ƙarfe huɗu na tokare shasi, da faffaɗan katako mai kauri da za a ɗora su a kai.
Gumagumai na tare taya.
Sifanoni da sokoti na inci da na milimita. Series ta inci ce, 110 ta haɗa biyun.
Dogon hannun sokoti na karya noti, da sifana mai awon ɗauri.
Injin matsi mai ƙarfin tan goma zuwa ashirin, ko babban bayis, ko doguwar sanda mai zare da washoshi masu kauri.
Guntayen bututun ƙarfe masu faɗi daban-daban.
Zarton ƙarfe da ruwansa sababbi da yawa, injin huji, kurfi, guduma, liba, magagari mai zagaye, samfefa, burushin waya.
Abin cire boljoyin, tef na awo, da ma'aunin kauri.
Man kwance tsatsa, giris, ruwan sabulu, fentin hana tsatsa, alli.
Tabarau na kare ido, safar hannu, bokitin yashi ko tukunyar kashe gobara.
Littafin gyara na wannan ƙirar, ko a takarda ko a waya.
Mataimaki guda mai hankali. Wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne.

Mataki na 1: Bincike kafin ka taɓa sifana

Saurari mai mota tukuna. Ƙarar "ƙwas" idan an tashi ko an taka birki, yawanci hannun baya ne ko boljoyin na sama. Mota mai yawo a hanya, wadda ke karkata gefe idan an taka totur ta koma ɗaya gefen idan an saki, robar hannun baya ce ta wajen shasi. Sitiyarin da ke kama makyarkyata bayan an faɗa rami, ka fara duba sandar Panhard.

Sai ka ajiye motar a daɓe mai daidai, tayoyi a ƙasa, injin a kashe. Mataimaki ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama, kai kuma ka zuba wa kowane bushin ido. Sa liba ka banƙara kowane hannu. Roba mai lafiya takan ɗan motsa ta dawo. Wadda ta tsattsage, ta rabu da ƙarfenta, ko ta kumbura ta yi laushi saboda baƙin mai, ta gama aiki. Jan garin tsatsa a bakin noti alama ce ta ƙarfe na cin ƙarfe. Ka duba tayrod da boris na taya su ma, don kada ka canza bushin goma sha biyu alhali ciwon yana wani wuri.

Kafin ka kwance komai, auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya a kowane gefe, ka auna tsayin shasi daga aksul a kusurwa huɗu, ka rubuta. Da waɗannan lambobi za ka gane ko aikinka ya yi kyau a ƙarshe.

Mataki na 2: Wanki da jiƙo

Jar ƙasarmu idan ta haɗu da mai takan daskare ta rufe tsaga da ruɓa. Wanke ƙarƙashin motar sosai, ka goge zaren kowane bol da burushin waya, ka zuba man kwance tsatsa safe da yamma na kwana biyu ko uku. Matasa kan tsallake wannan don suna son a gama yau, sai su ɓata kwana biyar wajen fitar da karyayyen bol. Sauri ya haifi nawa. Bayan wanki, ƙwanƙwasa maƙalan hannuwa da na sifirin a jikin shasi da ƙaramar guduma. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi. Idan ya yi ƙarar kwali ko ya lotsa, aikin mai walda ne kafin naka, domin sabon bushin a ruɓaɓɓen maƙali asarar kuɗi ne.

Mataki na 3: Ɗagawa da tokarewa

A nan ake rasa rai, don haka ka natsu. Land Rover 110 ta kusa tan biyu ba tare da kaya ba. Birkin hannunta ba a taya yake ba, a bayan giya yake, farfela kawai yake riƙewa. Da zarar ka ɗaga tayar baya ɗaya, motar tana iya gangarawa ko da ka ja birkin hannu har ƙarshe. Saboda haka ka tare tayoyin da ke ƙasa gaba da baya da gumagumai, a 110 kuma ka kulle difa ta tsakiya.

Ka sassauta manyan notoci tun motar tana ƙasa, don ƙarfin da za ka sa yana iya ture ta daga kan abin tokare. Sannan ka ɗaga, ka sa ƙafafun ƙarfe a ƙarƙashin shasi, a kan katako idan ƙasar yashi ce. Jak ya koma ƙarƙashin aksul, da shi za ka riƙa ɗaga shi kana sauke shi. Kada ka yarda da bulon siminti, yana fashewa ba tare da gargaɗi ba. Kada ka yarda da jak shi kaɗai. Tayar da ka cire, kwantar da ita a ƙarƙashin shasi. Girgiza motar da ƙarfi kafin kowa ya shiga ƙarƙashinta, ka kuma kori yara daga wurin.

Mataki na 4: Cire hannu, ɗaya bayan ɗaya

Kada ka cire hannuwa biyu na aksul ɗaya a lokaci guda. Idan ka yi haka aksul zai mirgine, ya ja tiyon birki, sifirin mai naɗi kuma yana iya tsalle ya fita da ƙarfin da zai karya ƙashi. Cire ɗaya, ka gama shi, ka mayar, sannan ka koma ɗayan. Kullum idonka na kan tiyon birki: idan ya miƙe, ɗaga aksul.

A hannun gaba na 110, sai ka raba tayrod da ke bayan aksul kafin hannun ya sauka. Yi amfani da abin cire boljoyin don kada ka fasa robarsa. Rubuta hagu ko dama a jikin hannun da alli, ka jera washoshi da robobi a kan waya yadda ka same su.

A Series akwai abin da ke yaudarar sabon hannu: bol ɗin shakul yana da zare a cikin farantin shakul kansa. Bayan ka cire notin kulle, kwance bol ɗin za ka yi da sifana. Wanda ya sa masa guduma ya lalata farantin.

Bol da yawa za ka same su sun manne da ƙarfen cikin bushin, suna juyawa amma ba sa fita. Kada ka yi ta duka, za ka buɗe maƙalin ne. Zura ruwan zarto tsakanin maƙali da bushin ka yanke bol ɗin ta gefe biyu. Bol ana sayensa a kasuwa, maƙali kuwa sai an yi walda.

Mataki na 5: Fitar da tsohon bushin

Da injin matsi aikin minti kaɗan ne. Ɗora idon hannun a kan bututu mai faɗin da bushin zai faɗa ciki, ka danna da wani bututun da ya yi daidai da ƙarfen waje na bushin. Tsaya a gefe da tabarau a idonka, don ƙarfen da ke ƙarƙashin tan goma idan ya kuɓuce ba ya zaɓen inda zai nufa.

Idan babu injin, ko bushin ɗin a cikin shasi yake, ga hanya: huda robar da injin huji zagaye, ka ture ƙarfen ciki ya fita. Zura ruwan zarto ta cikin ramin, ka ɗaura shi a jikin zarton, ka yanka ƙarfen waje a tsawonsa, a hankali, kana dubawa. Da zarar ka kusa ratsa shi, tsaya. Sa kurfi ka lanƙwasa bakin yankan zuwa ciki, zai saki ya fito. Idan ka zarce ka yanki idon hannun, daga wannan tabon tsaga za ta fara.

Maganar wuta: na san ita ce al'adar gareji, amma ka guje ta. Hayaƙin roba guba ne ga huhu. A Series tankin mai yana ƙarƙashin kujera, kusa da maƙalan sifirin. Idon sifirin kuwa, da zarar ya yi ja a wuta ya rasa taurin da aka ba shi a masana'anta, wata rana zai buɗe ko ya karye a kan hanya, kuma shi ne ke riƙe da aksul.

Mataki na 6: Duba hannun da gyara shi

Goge hannun har ƙarfe ya bayyana. Nemi tsaga a kewayen ido da kuma gindin zaren da ke shiga shasi. Wannan wuri yakan sirance saboda tsatsa da gugar roba, idan ya yi wuya kamar kwalba a canza hannun. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a jikin hannun baya, domin bututu ne, dutse ko kututture na lanƙwasa shi. Hannun da ya lanƙwashe ya gajarce, shi ke sa mota tafiya a karkace tana cin taya.

Kada ka gasa hannu don ka miƙar da shi, kada ka yi wa tsagagge walda ka mayar. Nemi wani mai lafiya a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka tafi da tsohon don gwadawa, kuma wanda ka samo ɗin ma ka bincike shi kamar yadda ka binciki naka.

Goge cikin ido da samfefa har ya yi santsi, ka kashe kaifin bakinsa da magagari. Shafa wa hannun fentin hana tsatsa, amma ban da cikin ido. Duba ramukan maƙali: idan sun zama kamar ƙwai, mai walda ya liƙa faranti mai kauri a sake hudawa daidai a wurin asali. A cire batir kafin walda, a kuma nisanta tartsatsi da tanki.

Sifirin mai falle-falle, matse shi a bayis kafin ka kwance santabol, ka sassauta a hankali. Goge kowane falle, ka canza wanda ya tsage ko ya cinye. Na hagu da na dama ba ɗaya ba ne: na gefen direba ya fi gantsarewa. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, don haka za ka haɗu da tsofaffi masu sitiyari a dama da waɗanda aka sauya musu. Kada ka musanya sifirin, in ba haka ba motar za ta kwanta gefe guda.

Mataki na 7: Zaɓen sabon bushin

Auna tsohon da ma'aunin kauri: faɗin waje, faɗin ramin bol, tsawon ƙarfen ciki da na waje. Hannun gaba na 110 na farko-farko ya fi na baya-bayan nan siranta, bushin ɗinsu ba ya shiga na juna. Ƙarfen ciki dole ya cika tsakanin kunnuwan maƙali, domin shi ake matsewa.

Bushin iri biyu ne a kasuwa. Na roba mai ƙarfe ciki da waje shi ne na asali, yana shanye girgiza, ya fi dacewa da hanyar burji. Na foliyuritan, mai launin ja ko shuɗi ko rawaya, yana shiga da hannu ba sai da injin ba, mai ba ya cinsa, amma shi a kan ƙarfensa yake juyawa, don haka yana son giris ɗinsa na musamman. A ƙurar hunturu, yashi kan shiga ya haɗu da giris ya riƙa cin ƙarfe. Mai taurin cikinsu kuma yana tura dukan hanya zuwa tsohon shasi. Ga motar ƙauye, na roba mai kyau nake zaɓa.

Danna robar da farce: mai kyau tana da tauri da danƙo. Wadda ta bushe ta yi ƙananan tsaga, ta daɗe a shago ne cikin zafi. Robar da aka yanko daga tsohuwar taya tana iya fitar da kai daga daji zuwa gari, amma kada ka karɓi kuɗin mutum a kanta da sunan gyara. Araha ba ta ado. Kuma ka canza hagu da dama tare, don gefe mai tauri da gefe mai laushi su ke sa mota jan hannu idan an taka birki.

Mataki na 8: Shigar da sabon

Shafa ɗan giris kaɗan a ƙarfen waje da cikin ido. Ɗora bushin a tsaye cak, bakinsa mai gangare a gaba. Danna ƙarfen waje kawai. Idan ka danna ƙarfen ciki, ka raba roba da ƙarfe tun kafin mota ta motsa. Bayan ya shiga kaɗan, tsaya ka duba ta kowane gefe. Idan ya karkata, fitar da shi ka sake, kada ka tilasta. Tura shi har ƙarfen ciki ya leƙo daidai wa daida ta gefe biyu.

Na cikin shasi, jawo shi za ka yi da sanda mai zare: washa mai kauri a kan bushin, bututu da washa a ɗaya gefen, ka shafa wa zaren giris ka riƙa ɗaure noti a hankali. Guduma ba ta da aiki a nan.

Bushin da ya faɗa cikin ido ba tare da matsi ba, idon ya buɗe ke nan. Kada ka cusa gwangwani ko ka ɗiga walda, zafi zai ƙone robar. Canza hannun. Tsirarar roba, irin ta wajen shasi, ruwan sabulu kawai ake shafa mata. Baƙin mai da giris suna narkar da ita.

Mataki na 9: Mayarwa

Sa sababbin bol masu lambar ƙarfi a kansu, 8.8 ko 10.9 a na milimita, gwargwadon abin da ka cire. Bol ɗin gini marar lamba ba ya shiga ƙafar mota. Notin kulle mai roba a baki sau ɗaya ake amfani da shi. Shafa giris a jikin bol inda zai zauna cikin ƙarfen bushin, don wanda zai kwance bayanka ya yi maka addu'a. Yubol na sifirin ma sabo ya fi, domin tsoho ya riga ya miƙe.

Fara da wajen shasi, sannan aksul. Idan ramuka sun ƙi haɗuwa, motsa aksul da jak, ko ka jawo shi da igiyar lodi, ka daidaita da ƙarfe mai tsini. Kada ka taɓa zura yatsa a ramin don ka ji ko ya daidaita. Aksul ya motsa kaɗan, yatsa ya tafi. Ɗaura notocin har su zauna kawai, kada ka matse.

Mataki na 10: Ɗauri na ƙarshe, mota a ƙasa

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan mafi yawa ke faɗuwa. Idan ka matse bol, ƙarfen cikin bushin ya kafe a jikin maƙali ke nan, ba ya sake juyawa. Idan ka matse shi lokacin da aksul ke rataye, to da ka sauke motar robar za ta murɗe ta zauna a murɗe dare da rana. Ramin farko da za a faɗa zai ƙara murɗa ta fiye da iyakarta. Bushin da ya kamata ya yi shekaru sai ya yage cikin watanni. A Series har tsayin motar yakan canza, tafiyarta ta yi tauri.

Don haka mayar da tayoyi, sauke motar, tura ta gaba da baya, ku hau ku girgiza ta don sifirin ya zauna. Idan kullum da kaya take tafiya, ɗora mata matsakaicin kaya, buhu biyu ko uku. Sannan ka shiga ramin gareji ka matse kowane bol da sifana mai awo, bisa lambar da ke cikin littafin ƙirar. Manyan notocin hannun gaba na 110 suna neman ɗaurin da ya kusa Nm 200, wanda ƙaramar sifana ba za ta kai ba. Tsalle a kan dogon bututu kuma yana wuce iyaka ya miƙar da bol. A Series, matse bol a cikin farantin shakul tukuna, sannan notin kulle. Yubol a matse su a gicciye, kaɗan-kaɗan. Kowane noti da ka gama, ɗiga masa fenti daga kansa zuwa maƙali, don ka san ka yi shi, kuma ka gane idan ya motsa.

Mataki na 11: Awo da gwaji

Sake awon da ka yi a farko. Tsakanin tayoyi ya zo ɗaya a gefe biyu, motar ta tsaya daidai. Tun da ka taɓa tayrod, duba saitin tayoyin gaba: Series tana son bakinsu ya ɗan shigo ciki, 110 kuma ya tsaya daidai ko ya ɗan buɗe, duka bai wuce wajen milimita biyu ba. Tabbatar notin tayrod ya kulle, taka birki ka ji ya cika, duba tiyo bai goga ko'ina ba.

Fara gwaji a hankali a fili, sannan a hanyar burji, sannan ka hau kwaltar Kano zuwa Katsina ka ƙara gudu kaɗan-kaɗan. Saurari ƙara, ka lura ko tana jan hannu. Ka ce wa mai motar ya dawo bayan mako ɗaya na aiki don a sake bin notoci, musamman yubol da na taya, domin sabon ɗauri yana zama.

Bayan gyara

Abu uku ke kashe bushin a yankinmu: yoyon mai, lodin da ya wuce kima, da laka da ke bushewa a jiki. Toshe yoyon akwatin sitiyari da na injin, domin kai tsaye suke ɗiga a kan bushin na gaba. Shokozoba da ta mutu a canza ta, in ba haka ba duk dukan hanya a kan roba zai ƙare. A wanke ƙarƙashin mota a ƙarshen damina, a sake bi da liba kafin jigilar kaka ta fara. Ka faɗa wa direba gaskiya: sawu biyu zuwa kasuwar Charanchi sun fi sawu ɗaya da karyayyen sifirin a hanya.

An daina ƙera tsohuwar Defender a watan Janairu na 2016, Series kuwa tun 1985. Duk hannu ko maƙalin da ka lalata, ragi ne a cikin abin da ya saura. Ƙanena, motar da ka ɗaure wa ƙafa za ta ɗauki iyayen wani da 'ya'yansa, kuma ba wanda zai leƙa ƙarƙashinta ya duba aikinka sai kai da Ubangijinka. Ka tokare da ƙarfe, ka bar wuta da guduma, ka cire hannu ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ka matse bushin sai tayoyi huɗu suna ƙasa. Ka koya wa yaran da ke ƙarƙashinka haka, tare da dalilin kowane mataki. Allah ya yi wa sana'a albarka, ya tsare mu a kan hanya.